MAI GADIN DA KE CIKIN JIKIN MUTUM, DA YADDA LIKITOCI KE GANINSA

Daga wani Jami'in Ilmi

A kakar bara na tafi ƙasar Bagwai duba ɗalibanmu na kwalejin horon malamai, waɗanda aka rarraba makarantun ƙauyuka don gwajin koyarwa. A wata makaranta, ba nisa da madatsar ruwa ta Watari, na iske hedimasta zaune da wani manomi, suna juya wata 'yar takarda. Bayan mun gaisa sai manomin ya miƙo mini ita, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko kai ka gane abin da likita ya rubuta game da ɗana?"

Yaron ɗan aji biyu ne. Kumatunsa ya fara kumbura, aka ce hangum ne, aka jira. Cikin 'yan makonni kumburin ya ture ido, haƙora suka fara girgiɗi. Hedimasta ne ya matsa wa uban, har ya yarda ya kai shi wani babban asibiti a Kano. Can aka yanki 'yar tsoka daga kumburin, aka aika ɗakin bincike, amsa ta fito. Ban da sunan cutar, abin da ke kan takardar baƙaƙe ne da lambobi: CD20, BCL2, Ki-67, p53, kowanne da alama a gabansa.

Gaskiya ran nan ban iya ba shi amsa mai gamsarwa ba. Na koma gida da kunya, na yi ta karatu da tambayar masana. Tun da ya ke mu malaman makaranta da ma'aikatan ofis mu ne talakawa ke kawo wa takarda mu karanta musu, na ga ya kyautu in rubuta abin da na fahimta, don kada wani ya sha irin kunyar da na sha.

MUTUWAR DA KE RAYA JIKI

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba a gani sai da madubin likita. A jikin babban mutum sun kai wajen miliyan sau miliyan 30. Kowace ƙwaya tana ci, tana aiki, da yawa kuma su kan rabu biyu su haifi irinsu. A cibiyar ƙwaya akwai rubutun gado, wanda masana ke kira DNA, an ɗaure shi kundi 46, rabi daga uba, rabi daga uwa. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu, tilas a kwafe rubutun nan duka. Wanda ya taɓa kwafe rajista ya san hannu ya kan zame. Hasken rana mai ƙuna, da hayaƙin taba, da waɗansu dafi na abinci, su ma su kan ɓata rubutun.

To, ina makomar ƙwayar da rubutunta ya ɓaci? Cikin 1972 waɗansu likitoci uku, John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie, a Jami'ar Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, suka bayyana cewa ƙwayar jiki tana da wata hanya ta kashe kanta bisa tsari. Ta kan ƙanƙance, ta daddatse rubutunta, ta rarrabu ƙunshi ƙunshi, maƙwabta su haɗiye ta, ba kumburi ba ruɓa. Suka sa wa abin suna afoftosis, kalmar Girkanci mai nufin kakkaɓewar ganye daga itace. Ta wannan hanya wutsiyar talibambam ke ɓacewa sa'ad da zai zama kwaɗo, ta nan kuma yatsun jariri ke rabuwa tun yana ciki. Kullum dubban miliyoyin ƙwayoyi ke mutuwa haka a jikin mai lafiya, waɗansu na maye gurbinsu.

Ciwon daji, wanda waɗansu ke ce wa sankara, asalinsa ƙwaya ce da ta ɓaci, ta ƙi mutuwa, ta yi ta haihuwar irinta. Sabo da haka tambayar da ta dami masana ita ce, wa ke ba ƙwaya umurnin mutuwa, ta yaya kuma za a gan shi?

ABIN DA A KE NUFI DA ANTIBODI

Cikin 1890 a Balin ta Jamus, Emil von Behring da wani Bajafane, Shibasaburo Kitasato, suka gano cewa dabbar da aka saba mata da dafin cuta kaɗan kaɗan, ruwan jininta ya kan sami wani abu mai karya wannan dafi. Da wannan aka fara ceton yara daga mashaƙo. Abin nan shi ne antibodi. Wani irin furotin ne da fararen ƙwayoyin jini ke ƙerawa, siffarsa kamar gwafa mai baki biyu. Abin mamaki gare shi shi ne kowane iri abu guda ya sani, shi kaɗai ya ke kamawa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Maganin dafin maciji da a ke yi wa mutane allurarsa a asibitin Kaltungo, antibodi ne da aka tace daga jinin dawaki ko tumaki. 'Yar sandar gwajin zazzaɓin cizon sauro da a ke ɗiga wa jini a ɗakin shan magani na ƙauye, ita ma antibodi ne aka shafa mata, shi ke fid da jan layin nan.

Cikin 1941 Albert Coons na Jami'ar Harvard a Amurka ya yi dabara. Ya liƙa wa antibodi wani rini mai ƙyalli, ya zuba shi kan yankin tsoka, ya wanke. Inda abin da a ke nema ya ke, nan antibodi ya maƙale, nan kuma aka ga haske a madubi. Cikin 1966 aka sami hanyar yin haka da launi wanda madubi na kullum ke iya nunawa.

Sauran matsala ɗaya. Jinin zomo ko na akuya gauraye ya ke da antibodi iri iri, in dabbar ta mutu kuwa shi ke nan. Cikin 1975 a Kambirij ta Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka ɗauki ƙwayar saifar ɓera mai ƙera antibodi iri guda, suka haɗe ta da ƙwayar ciwon daji wadda ba ta daina rabuwa. Abin da ya fito ya gaji iyayensa biyu: yana ƙera antibodi iri ɗaya tak, yana kuma haihuwa cikin kwalba ba iyaka. Aka ba su lambar Nobel cikin 1984. Tun daga nan ɗakin bincike na Kano da na London ke iya aiki da antibodi iri ɗaya, amsa ta zo daidai.

YADDA AKA GANO p53

Da antibodi aka fara kama mai gadin nan, ba kuwa shi aka fita nema ba. Cikin 1979 David Lane da Lionel Crawford a London, da Arnold Levine da ɗalibinsa Daniel Linzer a Princeton ta Amurka, suna binciken wani bairas na birai mai suna SV40, wanda ke sa wa ƙananan dabbobi ƙari. Suka yi amfani da ruwan jinin dabbobin don su kamo furotin na bairas ɗin. Kullum suka kamo shi, sai su ga wani furotin na daban manne da shi, na jikin dabbar kanta. Bisa ma'aunin nauyin da su ke aiki da shi ya nuna 53, sai aka sa masa suna p53.

Shekara goma a na yi masa mummunan zato. Da ya ke a na samunsa jibge cikin ƙwayoyin ciwon daji, aka ɗauka shi ke kawo cutar. Sai cikin 1989 Bert Vogelstein da abokan aikinsa a Baltimore suka nuna, daga ciwon dajin hanji, cewa wanda a ke gani jibge gurgu ne, lafiyayyen kuwa hana cutar ya ke yi. Cikin 1991 Moshe Oren da mutanensa a Isra'ila suka mai da lafiyayyen p53 cikin ƙwayoyin sankarar jini waɗanda suka rasa shi, sai ƙwayoyin suka kashe kansu. Cikin 1992 Lane ya yi masa laƙabi da mai gadin rubutun gado.

Ga yadda ya ke aiki. Siffarsa kamar carbi ne mai 'ya'ya 393 a jere, umurnin ƙera shi kuwa yana rubuce a kundi na 17. In lafiya a ke, ƙwaya tana ƙera shi, wani furotin mai suna MDM2 yana rushe shi nan da nan, ba ya wuce wajen minti 20. In rubutun gado ya sami rauni, sai a daina rushe shi, ya taru. Ma'aikatan baitulmali su tuna da odita. Farko ya tsai da aiki, ya hana ƙwaya rabuwa har a gyara kuskure. In kuskuren ya gyaru, a ci gaba. In ya fi ƙarfin gyara, sai ya ta da waɗansu furotin, irin su BAX da PUMA, su huda ma'ajin ƙarfi na ƙwayar, wannan ya ta da masu yanka da a ke kira kasfas, ƙwayar ta mutu.

An lissafta cewa wajen rabin dukkan ciwon dajin 'yan Adam, rubutun p53 ya ɓaci a cikinsa. Mutum kwafi biyu ke gare shi, na uwa da na uba. Cikin 2015 aka bayyana cewa giwar Afirka, irin ta dajin Yankari, tana da wajen 20 daga kowane gefe, masana kuwa suna ganin wannan na cikin dalilan da ciwon daji bai cika kama ta ba duk da girmanta.

AIKIN ƊAKIN BINCIKE

Wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata ya ga an ɗaure zane an tsoma a baba, wani wuri ya kama wani bai kama ba, zai gane wannan aiki da sauri.

Da an yanko tsoka, sai a jefa ta cikin wani ruwan magani mai suna fomalin, don kada ta ruɓe. A tsane ruwanta, a zuba mata narkakken kaki, ta daskare kamar ƙaramin sabulu. A yanka ta da wata na'ura, kaurin yanka ɗaya wajen kashi 4 cikin 1,000 na milimita, a shimfiɗa kan gilashi. Farko a rina ta da rini biyu, shuɗi da ja, likitan tsoka ya duba siffar ƙwayoyin. Yawancin cututtuka a nan a ke gane su. In da sauran shakka, ko a na so a san irin maganin da zai dace, sai a koma ga antibodi.

A cire kakin, a dafa gilashin cikin ruwan magani don furotin ya bayyana fuskarsa. A ɗiga antibodi na farko, mai neman p53. Wanda aka fi aiki da shi sunansa DO-7, Lane da abokan aikinsa suka fito da shi cikin 1992. A jira, a wanke. A ɗiga na biyu, wanda ke kama na farkon, yana ɗauke da wani sinadari mai juya launi. A ƙarshe a ɗiga wani ruwa marar launi. Duk inda p53 ya ke sai wurin ya zama ruwan ƙasa.

Karatun amsar shi ke da wuya. Lafiyayyen p53 ba ya daɗewa, sabo da haka a tsokar da ya ke lafiya ƙwayoyi jefi jefi ke ɗaukar launi, shi ma ba da ƙarfi ba. Gurgun p53 kuwa ba ya rushewa, sai ya cika cibiyar ƙwaya, a ga kusan duk ƙwayoyin ƙarin sun yi ruwan ƙasa sosai. Watau yawan launi alama ce ta mai gadi ya gurgunce. Akwai kuma ɓacin da ke hana ƙera shi sam, a nan sai a ga ƙarin fari fat, alhali lafiyayyun ƙwayoyi na gefe sun ɗan kama. Don haka ba a yanke hukunci da gilashi ɗaya. Likita ya kan rina wata tsoka da aka san halinta tare da ta majiyyaci, don ya tabbata antibodin bai lalace ba, sa'an nan ya haɗa abin da ya gani da siffar ƙwayoyi da labarin marar lafiya.

Sashen duban tsoka yana nan a manyan asibitocin koyarwa, irin Asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya. Antibodi dai daga ƙasashen waje a ke sayo shi, da tsada, tilas kuma ya zauna cikin sanyin firij. Shi ya sa amsa kan ɗauki kwanaki, kuɗinta kuma ya fi na gwajin jini.

TAKARDAR YARON BAGWAI

Cutar yaron sunanta ƙarin Burkitt. Denis Burkitt likitan fiɗa ne a asibitin Mulago na Kampala a Uganda, shi ya bayyana ta cikin 1958. Ya yi doguwar tafiya da mota yana tambayar asibitoci, ya ga cutar tana bin ƙasashe masu zafi da ruwan sama, ba ta hawa duwatsu masu sanyi, watau tana bin sawun zazzaɓin cizon sauro. Cikin 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wani bairas cikin ƙwayoyin ƙarin, shi ne na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin mutum.

Nijeriya tana da hannu babba cikin wannan ilmi. A Asibitin Koyarwa na Ibadan cikin 1963, Farfesa Pulvertaft ya yi nasarar rayar da ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan Nijeriya cikin kwalba. Jikokin waɗannan ƙwayoyi, da a ke kira Raji, har yau suna ɗakunan bincike na duniya, a na gwada sababbin antibodi da magunguna a kansu. A Ibadan ɗin ne kuma Farfesa Victor Ngu ya yi aikin maganin wannan cuta, har aka ba shi lambar Lasker ta Amurka cikin 1972 tare da Burkitt da waɗansu.

Asalin cutar shi ne wani yanki na kundi na 8 ya tsinke ya manne wa wani kundin, galibi na 14. Wannan ya kan sa wani furotin mai suna MYC ya yi ta tura ƙwaya ga rabuwa ba hutu. Ƙarin na iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma saurin nan ya kan ta da mai gadi, ƙwayoyi da yawa su mutu, shi ya sa a madubi a ke ganin ƙarin kamar sararin sama mai taurari: kowane farin ɗigo wata babbar ƙwaya ce tana haɗiye gawawwakin 'yan'uwanta. A cikin wani kashi na masu cutar p53 ma ya kan ɓaci, irin wannan kuwa ya fi taurin kai ga magani.

Yanzu ga fassarar takardar. CD20 alama ce a bayan fararen ƙwayoyin jini masu ƙera antibodi, kamawarsa ta nuna daga cikinsu ƙarin ya fito. BCL2 furotin ne mai hana ƙwaya mutuwa, ƙarin Burkitt galibi ba ya nuna shi, wannan ke raba shi da waɗansu masu kama da shi. Ki-67, wanda aka ƙera antibodinsa a garin Kiel na Jamus cikin 1983, yana bayyana ne a ƙwayar da ke kan rabuwa, a wannan cuta kusan kowace ƙwaya ta kan kama. Na p53 kuwa ya nuna jefi jefi ne, watau da alamar mai gadin yaron yana nan da ƙarfinsa.

Wannan albishir ne, domin yawancin magungunan ciwon daji rauni su ke yi wa rubutun ƙwaya, mai gadi ya ƙarasa ta. Aka sa wa yaron magani ta jijiya, cikin mako biyu kumburin ya saɓe. Nan ne aka kusa yin hasara. Uban ya ga ɗansa ya warware, ga kuɗin mota, ga amfanin gona yana jira, ya ce zuwa Kano ya isa haka. Hedimasta ya je wurin dagaci, ya ce, "Ranka ya daɗe, wutar da ba a kashe duka ba ita ke cin gari." Dagaci ya kira uban, mutanen gari suka yi karo-karo, aka cika zagayen maganin da likita ya yanka. Da na koma bana na ga yaron a aji uku. A ƙasashen da a ke kai yara da wuri, a kuma cika magani, wajen 9 cikin 10 ke warkewa daga wannan cuta. A wajenmu jinkiri da yanke magani su ne ke kashe yawancinsu.

GYADA DA HANTA

Labarin mai gadin nan ya shafi rumbun kowane manomi a ƙasar Kano. Dattawa sun tuna da dalar gyada, wadda ta tsaya a Kano har shekarun 1970. Dala ta tafi, amma gyada tana nan a gona, da ƙuliƙuli da tunkuza da kunu a kowane gida.

Cikin 1960 'yan talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bi sawu aka tarar abincinsu ne, wanda aka haɗa da tunkuzar gyada daga Barazil. Wata funfuna mai launin kore da rawaya, Aspergillus flavus, ta tsiro a gyadar ta zuba dafi, aka sa wa dafin suna afulatoksin. Cikin shekarun 1960 masana aikin gona na Samaru suka bincika gyadar Arewa, suka ga dafin ya fi yawa a gyadar da aka yi jinkirin cirewa, da wadda ɓawonta ya fashe ko gara ta huda, da wadda ba ta bushe da sauri ba. Masara ma ta kan kamu. Suya da dafuwa irin ta gida ba sa kashe wannan dafi.

Cikin 1991 ƙungiya biyu ta masana suka karanta rubutun p53 a ciwon dajin hanta, ɗaya daga Qidong ta ƙasar Sin, ɗaya daga kudancin Afirka, duka wuraren da a ke cin dafin nan da yawa. Suka tarar da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya: harafi guda ya sāke, ɗan carbi na 249 ya juya daga arginin zuwa serin, mai gadi ya gurgunce. Daga baya aka sami wannan tabo ga masu ciwon hanta a Gambiya. A Turai da Amurka, inda dafin ba shi da yawa cikin abinci, da wuya a gan shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wanda ke ɗauke da bairas ɗin ciwon hanta nau'in B, in ya haɗa da cin wannan dafi, hatsarinsa ya kan ninka sau da yawa bisa na wanda ke da ɗaya kaɗai.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ƙasar Gini an yi gwaji a ƙauyuka 20, aka buga sakamakonsa cikin 2005. A rabin ƙauyukan aka koya wa manoma su tsince gyada mai funfuna da fasasshiya da hannu, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbata ta bushe sosai, su zuba a buhun algarara, su ɗora kan katako, su kare ta daga ƙwari. Bayan wata biyar aka auna jinin mutane, dafin da ke jininsu bai kai rabin na sauran ƙauyukan ba. Akwai kuma Aflasafe, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA a Ibadan ta fitar: ƙwayar dawa ce da aka shafa wa irin funfunar da ba ta da dafi, a watsa kilo 10 a hekta, mako biyu ko uku kafin fure, ta riga mai dafin kama wuri. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kuwa tana cikin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004, ta farko a na so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa.

CIWON BAKIN MAHAIFA

Akwai wata hanya ta uku da a ke cin amanar mai gadi. Harald zur Hausen na Jamus ya nuna cikin 1983 da 1984 cewa wani bairas mai suna HPV shi ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa. Cikin 1990 aka gano dabararsa: yana ƙera wani furotin, E6, wanda ke kama lafiyayyen p53 ya miƙa shi a rushe. Rubutun yana nan daidai, mai gadin ne ba a bari ya tsaya. Don haka a wannan cuta likitan tsoka ya fi dogara ga antibodi mai neman wani furotin, p16. Cikin Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin wannan bairas kyauta.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Kada wani ya ɗauka rinin antibodi magani ne. Fitila ce da likita ke haskawa don ya san da wa ya ke faɗa. Ba a kuma yin wannan gwaji a kasuwa, ko da wata na'urar da a ke ɗora wa mutum a tafin hannu. Duk wanda ya ce zai ga ciwon daji haka, kuɗinku ya ke so.

Mun sha jin a na cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Wannan magana ta jawo hasarar rayuka. Abin da ya sa ta kama zukata shi ne yawancin mutane ba sa zuwa asibiti sai cuta ta ci jiki, in suka mutu sai a ɗora wa allura. In ba a yanki tsoka an duba ba, likita ba shi da hanyar sanin irin cutar, balle maganinta.

Sabo da haka ina roƙon malamai su riƙa duban fuskokin yara lokacin kiran suna. Kumburin kumatu ko na ciki mai girma da sauri, ko haƙoran da suka yi girgiɗi tare da kumburi, a kai asibiti cikin makon nan. Hangum ya kan saɓe cikin kwana goma, abin da ya wuce haka yana ƙaruwa ba hangum ba ne. A darasin aikin gona a kai yara gonar makaranta su ciri gyada kan kari, su shanya a tabarma, su tsince mai ɗaci da mai funfuna, a binne ta. Kada a mai da ita ƙuliƙuli, kada kuma a ba dabbar da a ke tatsa, don dafin yana bin nono. Ma'aikatan ƙaramar hukuma su taimaki unguwarzoma da hakimai da dagatai a san kowace haihuwa ran da aka yi ta, don jariri ya sami allurar hanta a kan lokaci. Wanda aka kawo wa takardar asibiti ya karanta, ya faɗi abin da ya gane, ya mai da mai ita wurin likita don ƙarin bayani, ya kuma ja kunnensa kada ya yanke magani don ya ga sauƙi.

Allah ya sa wa kowace ƙwaya ta jikinmu mai gadi tun ba mu san da shi ba. Namu shi ne kada mu ciyar da iyalinmu abin da zai gurgunta shi, in kuwa ya kasa mu yi hanzarin kai masa gudummawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye masu lafiya, amin.